Maigida Ya Ce Fure Ba A Ci, Yayata Ta Ce Na Zama Tsohuwar Baturiya

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Zariya ce, shekarata 34, yarana biyu. Shekara uku ke nan da muka biyo maigida Bradford, a arewacin Ingila. Aikin kula da tsofaffi yake yi, yawanci na dare. Ni a gida malamar firamare ce, amma a nan abin da na samu shi ne raba wa yara abincin rana a wata makaranta, awa biyu kullum.

Hunturun farko na sha wuya. Ba na son tashi daga gado, ga kuka ba dalili, waya ma ba na ɗagawa. Tun ana shirin shiga sanyin wata dattijuwar Baturiya maƙwabciyarmu ta miƙo mini wasu abubuwa kamar albasa ta kan shinge, ta ce in binne. Na binne don kar ta ji ba daɗi, na manta da su. Watan Maris na buɗe ƙofar baya sai ga furanni rawaya sun cika gindin katanga. Wallahi Anti tsugunawa na yi ina kuka, amma ba irin kukan da ba. Dattijuwar ce kuma ta mayar da ni ga kwarashi, wanda rabona da shi tun ina sakandare.

Yanzu in na idar da sallar asuba, gari ya ɗan yi haske, nakan ɗauki kofin shayi in fita in duba wanne ya buɗe. Da dare in yara sun kwanta sai in ɗauki saƙata. Kusan fam 25 nake kashewa a wata, ulu da ƙasa da iri, daga albashina.

Maigida ya ce shi fure ci ake yi? Wai in tumɓuke in shuka alayyahu da tumatir, saƙar kuma ko in mayar da ita sana'a ko in ajiye in nemi aikin ƙarshen mako. Shi kuwa duk Asabar yana gaban ƙwallo, ban taɓa cewa komai ba. Na gwada sayarwa. Bargon jariri da ya ci mini awa 22 da ulun fam 12, fam 35 aka taya, matar ma ta ce in sake launin gefen. Tun daga ranar in na ɗauki kwarashi sai in ji gabana ya faɗi. Ba zan ɓoye miki ba, sau biyu ya dawo daga aiki da safe bai tarar da abin karyawa ba, ina can wurin fulawa.

Na tura hoton furannin a zauren WhatsApp na gidanmu, sai Yayata ta rubuta: "Kin zama tsohuwar Baturiya, Mama na nan kuɗin magani na gagara." Mama tana da hawan jini da ciwon suga, kuma duk wata muna turawa. Na goge hoton. Anti, son kai nake yi? In daina ne?

Wata baiwar Allah, Bradford

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kada ki daina. Na fara ba ki amsar ne don ki sauke numfashi kafin ki karanta sauran, domin nan gaba akwai inda zan ba maigidanki gaskiya, akwai kuma inda zan ce Yayarki ba ta yi ƙarya ba, duk da ta faɗi maganar da kaifi.

Kin ba da labarin hunturunki na farko a layi biyu kin wuce, kamar ba shi ne kan zancen ba. Ni kuwa a nan na tsaya. Macen da ba ta son tashi daga gado, tana kuka ba dalili, ba ta ɗaga wayar 'yan'uwanta, ba kasala ke damunta ba. Ciwon damuwa ne, kuma likitocin can sun san wani nau'insa da ke zuwa da hunturu ya tafi da shi. Ki duba inda kika fito da inda kika sauka. A Zariya tsawon yini bai cika gocewa nesa da awa 12 ba, rani da damina. A Bradford kuwa a watan Disamba yinin bai kai awa 8 ba, kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, ita ma ranar sau da yawa sai dai a ji labarinta a bayan gajimare. Ga mijin da ke kwana wurin aiki ya wuni yana barci, ba kuma maƙwabciyar da za ta yi sallama ta shigo aron turmi. Jikin da ya saba da hantsi dole ya ji a jikinsa.

To abin da ya fitar da ke daga wannan rami shi kike tambayata ko ki yar. Fita waje da sassafe kina samun haske, tsugunawa da tashi kina motsa jiki, hannu yana aiki kai yana hutawa, ga mutum ɗaya a unguwa da ke tambayar lafiyarki. In kin je wurin likita da irin wannan damuwa, cikin abubuwan farko da zai ce ki yi har da waɗannan. Ke Allah ya kawo miki su ta kan shinge.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin Oktoba ki nemi ganin likitan unguwarku, ki gaya masa yadda hunturun farko ya kasance, ba tare da kin rage komai ba don kunya. Hukumar lafiya ta NHS tana ba da shawarar a riƙa shan maikirogiram 10 na bitamin D kullum a watannin sanyi, ga masu duhun fata da masu rufe yawancin jikinsu in za su fita kuwa, shekara ce cur. Ni da ke mun shiga duka biyun. Akwai kuma masu jinya ta hanyar tattaunawa a ƙarƙashin NHS a Ingila, waɗanda mutum kan iya miƙa sunansa da kansa ba sai likita ya tura shi ba. In kika ga nauyin zuciyar ya dawo ya wuce mako biyu bai ɗaga ba, kada ki jira Maris ki ce furanni za su yi magani. In kuwa tunanin cutar da kai ya taɓa gilma miki, ranar za ki faɗa, ba gobe ba.

Yanzu maganar "fure ci ake yi". Na yi dariya da na karanta, don na ji ta a bakin maza da yawa, har da na gidanmu. Mu mun tashi ne a gidajen da duk abin da aka shuka a tsakar gida yana da aiki: zogale na kwaɗo, lalle na ƙunshi, gwanda ta sha, darbejiya ta inuwa da zazzaɓi. Haka duk abin da hannun mace ya iya, kafin a yi nisa ya zama sana'a. Mai saƙa faifai sayarwa take, mai ɗinkin hula kuɗin adashi take haɗawa, mai saƙa wa jarirai hula da safa ta san kasuwarta tana buɗewa da shigowar hunturu. Shi ya sa hannun da ke motsi awa 22 ba kwabo ya zame wa maigidanki da Yayarki abin mamaki. Da abin da suka sani suka auna ki.

Amma waye ya ce mu ba ma yin abu don kyau kawai? Ke 'yar Zariya ce, kin san zanen gaban tsofaffin gidajen cikin birni. Ba ya hana yoyo, ba ya ƙara wa soro ƙarfi, amma mai gida ya biya magini ya yi shi. Aska takwas da ke ƙirjin babbar riga ba ta maganin sanyi. Ina tuna jeren kakata, kwanoni masu fure an ɗora su tun daga ƙasa har kusa da rufi. Duk Juma'a sai ta sauke su ta goge ɗaya bayan ɗaya da tsumma ta mayar, kuma har ta koma ga Allah ban ga an zuba tuwo a ko ɗaya ba. Ba wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofarta ya ce, Iya, kwanon nan ci ake yi? A Suratun Namli, aya ta 60, da Allah ya ambaci lambunan da yake tsirarwa da ruwan sama, da ƙayatarwa ya siffanta su. A Suratun Nahli ma, bayan ya lissafa amfanin dabbobin kiwo, ya ƙara da cewa akwai kyan gani a gare mu lokacin da ake koro su da yamma da lokacin da ake sakin su da safe. Kofin shayinki a bakin ƙofar baya ba ya buƙatar wata hujja bayan wannan.

Mu dawo ga maigida, mu yi masa adalci. Mutum ne da ke kwana a tsaye yana juya tsofaffi, yana canza musu shimfiɗa, ya fito da safe cikin sanyi ya hau bas. A kansa akwai haya, kuɗin wuta da gas, harajin karamar hukuma, kuɗin sabunta biza, ga na gida da ke jiran ƙarshen wata, nasa da naki. Irin wannan mutum kowace fam yana jin fitarta kamar an cire masa haƙori. Ya turo ƙofa da yunwa, ba shayi ba ƙwai, ya leƙa ta taga ya hango ki a tsugune kina murmushi da fulawa. Ina ganin ba furen ya tsana ba. Abin da ya gani a ranar shi ne, akwai abin da ke samun safiyarki da fara'arki, shi kuma bai samu ba. Sau biyu ne kawai, na sani, amma mai gajiya sau biyun yake riƙewa. Wannan laifinki ne, ƙarami ne, gyaransa kuma ba wuya: ranakun da zai dawo da safe ki haɗa abin karyawar kafin ki buɗe ƙofar baya. Dafodil, wato furen rawayan nan naki, ba ya gudu, in kin fito ƙarfe 9 yana nan yana jiranki.

Ga tambayar da nake so ki yi wa kanki: ya san yadda hunturun farko ya yi miki? Ina zargin bai sani ba, ko ya san rabi. Yana barci lokacin da kike kuka, in ya tashi kuma kin wanke fuska kin ɗora tukunya. In haka ne, shi a wurinsa mace ce lafiyayya da ta samu abin ɓata lokaci. Ki zaɓi ranar hutunsa, bayan ya yi barci ya ci ya ƙoshi, yara ba sa kusa. Ki ce, "Abban yara, akwai abin da ban taɓa gaya maka ba," ki ba shi labarin kamar yadda kika ba ni, har da tsugunawar da kika yi a gindin katanga. Sannan ki ajiye masa lissafi a fili: fam 25 a wata, daga albashinki, fam 300 ke nan a shekara, kuma ba za ta wuce haka ba. Namiji mai tsoron kuɗi abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ramin da bai san zurfinsa ba. In ya ga adadi ya ga iyaka, rabin rigimar ta mutu.

Maganar ƙwallo kuwa, na ga kin ajiye ta a gefe kamar wuƙa. Kada ki zare. In kika ce "kai ma ai kana kallon ƙwallo", kin mayar da hirar shari'a, kowa ya hau kare kansa. Ki juya ta: "Na san yadda ƙwallon Asabar ke sauke maka gajiya, shi ya sa ban taɓa son a dame ka ba. Ni ma saƙar nan haka take mini." Kusan kalmomi ɗaya ne, amma wannan jawo shi take yi.

Sai batun sana'a, inda nake so ki nuna masa lissafin da ke kanki kika riga kika yi ba ki lura ba. Fam 35 aka taya, a cire ulun fam 12, saura 23. A raba wa awa 22, ya kama fam ɗaya da 'yan kwabbai a awa. Mafi ƙarancin albashi da dokar Birtaniya ta sa wa mai shekara 21 zuwa sama, a Afrilun 2025 ya kasance fam 12.21 a awa. Da ladan leburanci kawai za a biya ki, bargon nan ya haura fam 268 kafin a sa kuɗin ulu, kuma ba mai saye a haka alhali kantuna cike suke da na inji. Ba saƙarki ce ba ta yi kyau ba. Kwarashi aikin hannu ne, ɗauri ɗaya bayan ɗaya, ba ya sauri, kasuwa kuma sauri take biya. Kin ma ɗanɗana abin da ciniki ke yi wa abin da ake so: mace ɗaya ta ce a sake launin gefe, ga shi har yau gabanki na faɗuwa in kin ga kwarashi. In kika mayar da shi sana'a, fam ɗaya a awa za ki samu, ki rasa maganinki.

In gidan yana buƙatar ƙarin kuɗi, kuma alamu sun nuna yana buƙata, to a nemo shi inda yake. Ke malama ce, kuma kullum ƙafarki tana cikin makaranta. Ki je ofishin shugabar ki gaya mata shekarun da kika yi kina koyarwa a Najeriya, ki tambayi yadda ake zama mataimakiyar malamin aji, da ko suna neman mai kula da yara kafin a shiga aji ko bayan an tashi. Kwalejojin manya suna ba da kwas na wannan aiki, wasu na yamma ne. Ko ki ɗauki yara biyu uku na 'yan'uwanmu da ke garin kina yi musu bitar lissafi ranar Asabar. Awa biyu na irin wannan sun fi abin da bargon nan ya kawo. Kafin ki fara wani abu na ƙashin kanki ki karanta sharuɗɗan bizarki, don ba kowace ce ta yarda da aikin kai ba. Ta fuskar haraji, in duk abin da ya shigo miki ta ƙaramar sana'a bai wuce fam 1,000 a shekarar haraji ba, akwai rangwamen da ya ɗauke miki shi.

Ban ce haramun ne ki taɓa sayar da saƙa ba. In wata rana kin ga dama, ki sayar da abin da kika riga kika gama, ƙanana masu saurin fita kamar hula da safar jarirai, a kan farashin da ke kika yanka. Aikin oda ne nake hana ki, mai ranar karɓa da "sake mini nan". 'Yar tsana da sauran kayan wasan yara ki bar su, suna da dokar gwajin lafiya kafin a sayar. Don gabanki ya daina faɗuwa kuwa, abu na gaba da za ki saƙa ya zama wanda ba mai taya shi. Ki saƙa wa maigida hula da mayafin wuya masu kauri, launin da zai iya sawa ya tsaya a tashar bas ƙarfe 7 na safe. Ba cin hanci ba ne. Ki bari kunnuwansa su ba shi amsar tambayarsa.

Lambun ma ba sai an yi yaƙi a kansa ba, domin alayyahunsa da furanninki ba lokaci ɗaya suke son filin ba. Watannin da mu muke kira bazara, Maris zuwa Mayu, muna kwana a tsakar gida saboda zafi, su ne a can sanyi ke sakin ƙasa. Cikin furannin da ake binne albasarsu, kurokus yana fitowa tun Fabrairu, dafodil ya biyo a Maris da Afrilu, tulif ya rufe a Afrilu zuwa Mayu. Tumatir da alayyahu kuwa 'yan zafi ne, dare ɗaya na jaura ya isa ya kashe su, shi ya sa a arewacin Ingila ba a fitar da su waje sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Kafin nan a kan taga ake renon irin. Wato lokacin da nasa zai fita, naki ya gama biki. Ki ba shi gefen da ya fi samun rana, ko manyan tukwane uku huɗu, ki ce ga gonarsa. Alayyahu zai yi, tumatir zai yi in ya samu jikin katanga mai ɗumi, attarugu ya fi son zama a taga daga ciki. Na'ana'a ki sa ta a tukunya ita kaɗai, in ba haka ba ta cinye filin. Kuɓewa kam kada ya wahalar da kansa a waje. Na ga mazan da suka fara da raina fulawa, suka ƙare suna fita da tocila da dare suna tsince dodon koɗi daga kan ganyensu.

A nan akwai gargaɗin da ba na wasa ba. Abin nan da kika ce kamar albasa, guba ne. Albasar dafodil da ganyensa suna sa amai da gudawa mai tsanani in an ci, ganyen kuma in bai yi fure ba kamar lawashi yake. A 2015 sai da hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta rubuta wa manyan kantuna cewa su nesanta dafodil daga wurin kayan miya, saboda mutanen da suka dafa shi bisa kuskure. A gidan da ba a ɗora tukunya sai da albasa, ga yara biyu, kada albasar fure ta taɓa kwana a kicin. Ki ajiye ta a leda mai rubutu, can sama inda hannu ba ya kaiwa, kada kuma a shuka albasa mai lawashi kusa da ita. Ki nuna wa yaran da maigidan bambancin da idonsu. Kin ga a nan maigida ya yi gaskiya, wannan furen kam ba a ci.

Fam 25 ɗin ma za ta iya raguwa ba tare da kin rasa komai ba. Dafodil da kurokus sau ɗaya ake saye, duk shekara su dawo, har su hayayyafa ki raba. Tulif ne mai cin kuɗi, don yawancinsa bayan shekarar farko sai ya ja baya, ga kurege yana tone shi, alhali ba ya kula dafodil. In kina son tulif ki jira ƙarshen Nuwamba lokacin da kantuna ke karya farashi, har Disamba ana iya binne shi, zurfin kamar tsawonsa sau uku, ki rufe bakin tukunyar da ragar waya. Ulu kuma ki riƙa leƙa shagunan kayan sadaka, sau da yawa akan samu ragowar ƙulli da araha, kuma bargon da ake haɗawa da ƙananan murabba'ai ragowa yake so.

Yayarki. Na san maganar ta yi ciwo, a gaban kowa kuma. Amma ki tuna wace ce ke riƙe da Mama. Ita ke bin layin asibiti, ita ke jin sabon farashin magani a bakin mai kemis duk wata, ita ke tashi in jiri ya ɗebi Mama da dare. Kuɗin da kuke turawa suna sayen ƙwaya, ba sa ɗauke mata kwana a zaune. Tana cikin wannan sai ga hoton furanni daga Turai. Ita ma ba ta san hunturunki ba, tunda lokacin ba kya ɗaga waya, wataƙila ma ta ɗauka jin daɗi ne ya sa kika manta da su. Kada ki amsa mata a zaure. Ki kira ta ita kaɗai, ki fara da "Yaya, sannu da ƙoƙari, ya jikin Mama, ke ya jikinki?" ki bar ta ta zazzage. Bayan nan ki tambayi ainihin kuɗin maganin wata, da sunayen magungunan, a rubuce. In abin da kuke turawa ya daina isa, ku zauna da maigida da sauran 'yan'uwa a sake rabo, kowa ya san nasa, har da mazan gidan. In da hali ki ware wani abu kaɗan ki ce wannan na Yaya ne ita kanta, ba na magani ba. Mai jinya ba kasafai ake tunawa da ita ba.

In lissafi ya nuna lallai sai kin taɓa fam 25 ɗinki kafin maganin Mama ya cika, to Mama ce gaba, wannan ba sai na faɗa miki ba. Ki rage zuwa 10, ki rayu da rabon albasar fure da ragowar ulu har abubuwa su daidaita. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki daina don kawai a ga kin daina. Baƙin cikinki ba zai sauko da jinin Mama ko ɗigo ɗaya ba, kuma in kika koma gado kina kuka, wa zai ɗaga waya in Yaya ta kira? Hoton kuma ki tura wa Mama ita kaɗai, ko ki nuna mata ta bidiyo kina tsaye a cikinsu. Ba na jin akwai uwar da za ta ga 'yarta a ƙasar sanyi tana dariya ta tambayi nawa aka kashe. Ki haɗa mata da safa mai laushi ta hunturu, marar matsewa, tunda mai ciwon suga ƙafarsa abar lallaɓawa ce.

Ita kuwa dattijuwar, ki riƙe ta hannu bibbiyu. Tsofaffi da yawa a can su kaɗai suke kwana su tashi, kuma ba mamaki ranar da ta miƙo miki albasar nan ita ma mutum take nema. Haƙƙin maƙwabtaka bai tambayi addini ko launi ba. Ki kai mata masa ko dambu, ki rage yaji. Ki tambaye ta ko ɗakin karatu na unguwarku yana da zaman masu saƙa, da yawansu suna da shi mako-mako kuma kyauta ne, ku tafi tare. In "tsohuwar Baturiya" na nufin mai binne abu a Oktoba ta yi haƙuri har Maris, ni ban ga zagi a ciki ba.

Abu ɗaya na roƙe ki kafin maigida ya shigo da tumatirinsa. In furen dafodil ya bushe ki tsinke kan kawai, ganyen ki bar shi aƙalla mako shida har ya yi rawaya ya kwanta da kansa, kada ki yanke, kada ki ƙulle shi. Da shi albasar ke tara abincin baɗi. Zai yi muni a ido, kuma na san maigida zai zo da almakashi yana cewa bari ya gyara miki wuri. Ki riƙe hannunsa, ki nuna masa inda tukwanensa suke. Allah ya ba Mama lafiya, ya sanya albarka a gidanku. Ki rubuto mini in hular ta shiga kansa.